Garwa: Unguwa Na Nan, Mutanenta Na Sauyawa

Duk ɗan kasuwar da ke shiga Garwa, daga Yola ya taso ko daga Tignère, ya san wannan: ka ba mutum kaya bashi bana, baɗi ka tarar da wani na haya a ɗakinsa.

Sunayen unguwannin ma shaida ne. Fulɓere ta Fulani ce, Kollere ta Barebari, Marware kuwa daga mutanen Marwa ta samo suna. Amma in muka shiga yau, wace ƙabila ce ba za mu tarar ba?

Kowane zamani da baƙinsa. Kamfanin auduga na SODECOTON, da aka kafa a 1974, ya jawo ’yan ƙwadago. Madatsar ruwan Lagdo ta 1982 ta kawo masunta, ga manoman Tupuri da Mafa da suka gangaro kwarin Binuwai neman gona. Yaƙin Chadi ya koro wasu, rikicin Boko Haram ya ƙaro daga 2014.

Sai dai masu fita ma ba kaɗan ba ne, kuma nan abin ya fi shafarmu. Baƙo kan sauka wurin ɗan garinsu, ya kama ɗaki kusa da kasuwa. In ya samu, ya sayi fili a bayan gari ko ya wuce Yawunde. In kasuwa ta karye, kamar lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a 1984 da 2019, ya tattara ya koma gida. Shi ya sa dattawanmu ba sa sakar wa baƙo kaya sai fatoma mai gidan kansa ya tsaya masa.