YANSUN: AMFANINSA GA MANYA DA HATSARINSA GA JARIRAI

An shirya wannan takarda domin Hakimai da malamansu na ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan, cikin Masarautar Zazzau, don su san gaskiyar wani magani da ake kira yansun, su kuma sanad da dagatai da masu unguwanni. Ana samunsa a kantunan maganin Musulunci da wurin masu kayan yaji, mata kuwa sukan saya su jiƙa wa jariri in yana kukan ciwon ciki. Nan ne hatsarin yake.

MENE NE YANSUN

Sunan daga Larabci ya fito. Ganye ne ɗan ƙarami, dangin karas, wanda ake nomawa a Masar da Sham da Turkiyya da Sifen. 'Ya'yansa ake amfani da su, ƙanana ne, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, suna da ƙanshi da ɗan zaƙi. Ƙanshin nan daga wani mai yake fitowa da ke cikin ƙwayar, wanda masana ke kira anetol.

Akwai kuma wani abu dabam mai irin wannan ƙanshi, wanda siffarsa kamar tauraro ce mai tsinke takwas. Shi ɗan itace ne na kudancin ƙasar Sin da arewacin Biyetnam. Ba danginsu ɗaya ba, amma da yake ƙanshinsu ɗaya ne, 'yan kasuwa sukan kira su duka yansun.

ABIN DA LIKITOCI SUKA YARDA DA SHI

Hukumar Magunguna ta Turai ta duba al'amarinsa, ta yarda manya su sha yansun mai ƙananan ƙwayoyi saboda abu biyu kaɗai: kumburin ciki da murɗa mara tsanani, da kuma tarin mura, don ya sassauta majina. Amma fa ta bayyana cewa dalilin yardarta shi ne daɗewar da mutane suka yi suna shansa, ba wai an yi babban gwaji an tabbatar ba. An yi waɗansu gwaje-gwaje a ƙasar Iran a kan masu ɓacin ciki bayan cin abinci, aka ga sauƙi, sai dai mutanen da aka gwada kaɗan ne, kwanakin kuma ba su da yawa.

Zancen da ake yi cewa yana warkad da ciwon sukari, ko rashin haihuwa, ko yana ƙara ruwan nono, babu wata hujja mai ƙarfi da ta tsaya masa.

Ƙa'idar sha ga babba ita ce giram 1 zuwa 3 da rabi, watau rabin cokalin shayi zuwa cokali ɗaya da rabi, a ɗan daka a zuba cikin ƙaramin kofi na tafasasshen ruwa, sau uku a yini. Kada a wuce mako biyu. Hukumar ba ta yarda a ba yaron da bai kai shekara 12 ba, haka nan mai ciki da mai shayarwa. Wanda ya sha ya ga borin jini ko numfashi ya yi masa wuya, sai ya bari nan da nan ya nemi asibiti. Man yansun da ake sayarwa a kwalba ya fi ƙwayar ƙarfi nesa ba kusa ba, ba abin ba yara ba ne ko kaɗan.

INDA MUGUN HATSARIN YAKE

Yansun mai tauraro yana da wani ɗan'uwa na ƙasar Japan, wanda dafi ne. In sun bushe, ko gwani da ƙyar yake rarrabe su, in kuwa an niƙa su gari, ido ba ya iyawa sam. Dafin nan yana taɓa ƙwaƙwalwa, ya kawo amai da jijjiga. A shekarar 2001 mutum fiye da 60 suka kamu da ciwo a ƙasar Holan bayan sun sha shayin da aka gauraya da shi. A 2003 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a daina shan shayin yansun mai tauraro. A 2004 kuma likitocin birnin Mayami suka ba da labarin jarirai 7, duk ba su wuce wata uku ba, waɗanda aka kawo suna amai da karkarwa, waɗansu har da jijjiga, bayan an ba su irin wannan jiƙo.

Ko da yansun na ƙwarai ne, jariri ba ya bukatarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla ya ishe shi har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo. Jiƙo yakan cika ɗan cikinsa ya rage shan nono, ruwan da aka jiƙa da shi kuwa in ba shi da tsabta sai ya jawo zawo.

ABIN DA AKE ROƘON HAKIMAI

Na ɗaya, a tara ungozomomi da wanzamai a kowace gunduma, a karanta musu wannan takarda, gama su ne masu jego suka fi jin maganarsu.

Na biyu, a gargaɗi masu sayarwa a ranakun kasuwa kada su gauraya iri biyun nan, kada kuma su sayad da garin da ba su san asalinsa ba. Maganin da ke cikin kwalba ko fakiti, a duba ko yana da lambar hukumar NAFDAC.

Na uku, jaririn da ya yi jijjiga, ko ya ƙi nono, ko cikinsa ya kumbura yana amai, a kai shi asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba, a tafi da ragowar abin da aka ba shi don likita ya gani. Asibitin Koyarwa na Shika yana karɓar waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfin asibitin gari.

Na huɗu, duk wanda tarinsa ya kai mako biyu, a tura shi gwajin tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Malamai su rubuta ranar da aka yi taro da yawan waɗanda suka halarta, su ajiye cikin littafin ofishin Hakimi. Rigakafi ya fi magani.