Yadda Rikicin Yukren Ya Wadata Ƙasar Polan Da Ma'aikata

Tun bayan da Polan ta shiga Tarayyar Turai a shekarar 2004, 'yan ƙasar wajen miliyan biyu suka tafi ci-rani Ingila da Jamus da Ailan. Masu gonaki da masana'antu da 'yan kwangilar gine-gine suka rasa hannun aiki. Rikicin siyasar da ya ɓarke a maƙwabciyarta Yukren shi ne ya cike wannan giɓi.

A watan Nuwamba na 2013 ne shugaban Yukren, Viktor Yanukovych, ya ƙi sa hannu kan yarjejeniyar ƙawance da Tarayyar Turai. Zanga-zangar da ta biyo baya ta tilasta masa tserewa a Fabrairun 2014, Rasha ta karɓe yankin Kirimiya, yaƙi kuma ya tashi a gabashin ƙasar. Kuɗin Yukren, wato hiribniya, wanda ake canja takwas da dala ɗaya, ya faɗi har dala ta haura 20 a 2015. A wannan shekara farashin kaya ya tashi da fiye da kashi 40 cikin ɗari. Albashin ma'aikaci ya zama bai kai shi ƙarshen wata, alhali a ƙetaren iyaka ana biyan ninkinsa sau uku ko fiye.

Polan ba ta tsaurara ba. Dokarta ta ba mai kamfani damar ɗaukar ɗan Yukren aiki na wata shida da takardar sanarwa kawai. A 2017 kaɗai an yi rajistar irin waɗannan takardu fiye da miliyan ɗaya da rabi. Wani binciken masana na Babban Bankin Polan ya ƙiyasta cewa daga 2013 zuwa 2018 baƙin sun ƙara wa bunƙasar arzikin ƙasar kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari kowace shekara. Ita ma Yukren ta amfana, domin kuɗin da 'yan ci-rani suka aika gida ya haura dala miliyan dubu 11 a 2018, kaso mafi tsoka kuwa daga Polan ya fito.

Mamayar da Rasha ta ƙaddamar ranar 24 ga Fabrairu, 2022 ta sauya lissafin. Yukren ta hana yawancin maza 'yan shekara 18 zuwa 60 fita, wasu direbobi da magina kuma suka bar aiki a Polan suka koma gida. Waɗanda suka kwararo ta kan iyakar Medika da tashar jirgin ƙasa ta Pshemishil yawancinsu mata ne da yara. Cikin watan Maris majalisar Polan ta zartar da dokar da ta ba su lambar shaida da 'yancin aiki da kafa sana'a. Ba a tara su a sansani ba. A 2023 kusan ɗaya cikin kowane goma na sababbin ƙananan sana'o'in da aka yi wa rajista a Polan na 'yan Yukren ne. Kamfanin aika saƙonni na Nova Poshta ma ya biyo abokan cinikinsa, ya buɗe reshe a birnin Warso a 2022.

Sai dai zo mu zauna, zo mu saɓa. A Afrilun 2023 Polan ta hana shigo da hatsin Yukren saboda koken manomanta, a Nuwamban shekarar kuma direbobin manyan motoci suka toshe kan iyaka kan gasar sufuri. Baƙi da yawa sun zarce Jamus, wadda ta shige gaban Polan a yawan 'yan gudun hijirar.

Babbar asara dai tana kan Yukren. Sake gina ƙasar zai buƙaci magina da likitoci da malamai, amma iyalin da suka buɗe shago suka sa 'ya'ya makaranta a Polan, kowace shekara komawa gida ƙara yi musu wuya take yi.