Dublin: Birnin Tarihi da Hira a Bakin Kogin Liffey

(Kiɗan goge da sarewa, sannan a sassauta)

Yau shirin namu na musamman ya yada zango ne a Dublin, babban birnin ƙasar Ireland, wanda kogin Liffey ya ratsa ta tsakiyarsa.

Mayaƙan teku na Viking ne suka kafa sansani a nan a shekarar 841, daga bisani Ingila ta mulki ƙasar na ɗaruruwan shekaru. Duk baƙon da ya taka titin O'Connell zai ga babban gidan waya, inda 'yan kishin ƙasa suka tayar da bore, suka yi shelar kafa jamhuriya a 1916. Ba a cika mako ba sojojin Birtaniya suka murƙushe boren, aka harbe jagorori 14 a kurkukun Kilmainham. Wannan kisa ne ya harzuƙa jama'a, har aka samu mulkin kai a 1922.

A bakin kogi kuma akwai mutum-mutumin wasu ramammun bayin Allah, don tunawa da yunwar da ta faro a 1845, lokacin da cuta ta cinye dankali. Kusan mutum miliyan ɗaya suka rasu, wasu miliyan ɗaya suka yi ƙaura.

Masu sha'awar littattafai kuwa sai su nufi gidan tarihi na Chester Beatty, inda ake ajiye da Alƙur'anin da Ibn al-Bawwab ya rubuta da hannunsa a Bagadaza, fiye da shekara dubu da suka wuce.

(Hayaniyar hira da dariya)

To, da maraice ina mutanen gari ke taruwa? A mashaya. Giyar Guinness a Dublin aka fara yin ta a 1759, kamfaninta ne kuma ya buɗe masana'anta a Ikeja ta Legas. Sai dai abin da ke riƙe mutane a wurin ya wuce abin sha. Mashayar Dublin tamkar teburin mai shayi take: nan ake musun ƙwallo da siyasa, nan ake haɗuwa bayan jana'iza. A wani lungu makaɗa na zaune suna ta goge, kowa da kayan kiɗansa. Al'adarsu ita ce kowa ya saya wa abokan zamansa bi da bi, wanda ya zille kuwa ya sha zolaya.

Wanda ba ya shan giya fa? Ba zai zama bare ba, ya nemi shayi ko lemo a ci gaba da hira. Tun 1838 wani limamin coci, Theobald Mathew, ya jagoranci gangamin ƙaurace wa barasa a ƙasar, kuma tun 2004 aka hana shan taba a cikin mashaya.

Shawararmu ga mai niyyar zuwa: ya tanadi rigar ruwa don yayyafi ba ya sallama, ya kuma tanadi lokaci, domin mutumin Dublin in ya kama labari ba ya gaggawar saki.

Nan muka kawo ƙarshen shirin.