Citta A Inuwar Mangwaro

A daminar shekarar 2023 wata cuta ta auka wa gonakin citta a ƙasashen Kachiya da Kagarko da Jaba, can kudancin Jihar Kaduna, inda tun wajen 1927 ake noma ta don sayarwa. Ganye ya yi ɗorawa tun lokacinsa bai yi ba, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa, manoma da yawa ko iri ba su fitar ba. Tsadar da ta biyo baya kuwa ta iso har Zariya, masu dama kunu da masu daka yajin jego suka ji a jikinsu.

To, ga gidajen Gyallesu, da yawansu ba su rasa mangwaro ko gwaiba a tsakar gida, kuma ƙarƙashin itacen nan wuri ne da aka sallama wa kaji, domin masara da kuɓewa ba su yi a inuwa. Citta kuwa nan take so. Asalinta tsiron kurmi ce daga ƙasashen Asiya masu zafi da laima, ita ce Larabawa ke kira zanjabil, sunanta ma ya zo cikin Alƙur'ani a Suratul Insan. Ruwan Zariya bai kai na Kachiya yawa ba, yana kuma saurin ɗaukewa, saboda haka inuwar da ke tsare damshin ƙasa ita ce gatanta a nan. Amma fa ba gindin itace sosai ba, inda duhu ya yi yawa, saiwoyin mangwaro kuma suka shanye ƙasa. Bakin inuwar ake nema, inda hantsi ke taɓawa, rana ta tsaka ba ta samu.

Maganar iri ita ce babba. Citta ba ta da ƙwayar da ake shukawa, yatsanta ake binnewa ya tsiro, don haka in uwar tana da cuta, da cutar za a dasa. Busasshiyar da ake fasawa a shanya, wadda ta cika kasuwar Tudun Wada, ba ta tsira ko an shekara ana ba ta ruwa. Sai ɗanya, mai nauyi a hannu, mai tauri, wadda idanunta suka fara kumburi. Wadda ta yi laushi ko baƙi-baƙi, ko take wani ɗan wari, a bar ta ko da kyauta ce. Iri biyu aka fi sani: tafin giwa mai kauri da hasken ciki, da yatsun biri, siririya, wadda ta fi yaji. A karya ta gunduwa-gunduwa, kowace da ido ɗaya ko biyu, a shafa toka a wurin karayar, a bar ta ta sha iska kwana ɗaya ko biyu a inuwa.

Lokacin dashe shi ne faɗuwar ruwan farko, cikin watan Mayu. A tada kunya mai tudu, a cuɗa ƙasar da tsohon takin da ya riga ya ruɓe, a binne zurfin yatsa, ido yana duban sama, tsakanin wannan da wancan taki guda. Sa'an nan a lulluɓe da busasshiyar ciyawa ko ganyen mangwaron nan da ake sharewa a ƙone a banza. Wanda tsakar gidansa siminti ne, tsohon buhu da aka huda gindinsa ya ishe shi. Takan yi mako biyu zuwa huɗu kafin ta leƙo, a nan ne marasa haƙuri ke tonawa su duba, su karya tsiron.

Abin da ke kashe ta kwancin ruwa ne. Tana son damshi, amma in ruwa ya kwana a gindinta sai ruɓa ta shiga. Gidajen da ke gangaren Kubanni su suka fi bukatar tudun kunya, musamman a markar Agusta, kuma wurin da ake juye buta kullum bai dace da ita ba. In wata ta yi ɗorawa tun daga ganyen ƙasa, kararta ya yi laushi har yana tsinkewa da ja kaɗan, lalle a tumɓuke ta har da ƙasar gindinta, a ƙone, kada a sake sa citta a wurin sai an yi shekara uku.

Bayan wata biyar ko shida ana iya yankar yatsa daga gefe don shayi, a mayar da ƙasa. Cikar nunarta sai wata takwas zuwa tara, sa'ad da hunturu ya shigo, ganye ya bushe ya kwanta. Wanda bai san ta ba sai ya ce ta mutu, alhali kuwa barci take yi. A haƙe abin da ake bukata, saura a bar shi a ƙasa ƙarƙashin ciyawa, ba ruwa, ba tono, in bazara ta wuce ruwa ya sauka zai tofo da kansa.