Ko Kun Sani?

Sinadarin isturojin da mata da yawa ke gudu don tsoron kansar mama, rage ta ya yi a jikin matan da aka cire wa mahaifa. Wani babban bincike a Amurka mai suna Women's Health Initiative ya bi diddigin irin waɗannan mata 10,739, masu shekara 50 zuwa 79. Kusan rabinsu an ba su isturojin zalla, sauran kuma ƙwayar da ba magani a cikinta. Sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna kamuwa da kansar mama ta ragu da kusan kashi 22 cikin 100 a wajen masu shan maganin, mutuwa daga cutar kuma da kashi 40.

To daga ina tsoron ya samo asali? Daga ɗaya ɓangaren binciken, wanda aka dakatar a 2002, inda mata masu mahaifa suka sha isturojin haɗe da furojestin, kansar mama kuma ta ƙaru. Furojestin ɗin nan aikinsa kare mahaifa ne, domin isturojin shi kaɗai yana kaurara bangonta har ya jawo kansa. Wadda ba ta da mahaifa galibi ba ta buƙatar furojestin.

Amma fa isturojin zallan ma ba alawa ba ne. A 2004 an tsayar da gwajin isturojin zallan saboda ƙaruwar shanyewar ɓarin jiki. Wadda ta taɓa yin kansar mama kuwa, kada ta sha sai da izinin likitanta.