Faɗuwar Otto Lilienthal a Tudun Gollenberg

Ranar Lahadi, 9 ga Agusta 1896, Otto Lilienthal ya hau tudun Gollenberg, kusa da ƙauyen Stölln a ƙasar Jamus, ɗauke da fukafukansa. Injiniya ne ɗan shekara 48. Ya shafe shekaru yana nazarin tashin shamuwa, kuma tun daga 1891 ya yi shawagi fiye da sau 2,000 da fukafukan da ya ƙera da tsumagun itace da yadin auduga, ba inji ba farfela.

Tuƙin nasa kuwa da jiki yake yi. Hannuwa na riƙe da ƙirar, ƙafafu na reto a ƙasa. In yana son karkata dama sai ya wurga su dama. Muddin iska na kwance, dabarar tana ci.

Rannan sai wata iska ta taso daga ƙasa ta ɗaga goshin fukafukan. Gudu ya mutu, abin ya tsaya cik a sama, kuma fiffiken da ya rasa gudu ba ya ɗaukar kowa. Lilienthal ya wurga ƙafafu gaba don ya dawo da shi kan hanya, amma nauyin jikinsa bai isa ba. Ya rikito da ka daga tsayin mita 15. Makanikensa, Paul Beylich, yana tsaye yana gani.

Ƙashin wuyansa ya karye. Aka kai shi ƙauye a keken doki, daga nan aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa Berlin, inda ya cika washegari.

Abin takaicin shi ne mutumin ya san maganin. Shi da kansa ya ƙirƙiro wani lanƙwasasshen itace da ake ɗaurawa a gaba, ya riƙa shan dukan ƙasa a madadin matuƙi. Ya taɓa cetonsa a wata mummunar faɗuwa, ya tashi da targaɗe a hannu da rauni a ka kawai. Fukafukan da ya ɗauka rannan ba su da shi. Wanda ya sauka lafiya sau dubu biyu, da wuya ya tuna da kariya.

Masu wasan shawagi da fukafukai a yau suna sa hular kwano, suna rataye da laimar sauka ta ko-ta-kwana. Sai dai laima na buƙatar tsayi kafin ta buɗe, mita 15 kuwa ba ta isa ba.

Labarin mutuwarsa ya kai Amurka, ya shiga kunnen wasu 'yan'uwa biyu, Wilbur da Orville Wright. Da suka fara nasu gwajin sai suka guji dogara da nauyin jiki, suka koma murɗa bakin fukafukan da waya.