Lanƙwasasshen Layi da Awon Ruwan Tiga

Kogin Kano yana ratsa dajin Falgore ne kafin ya zube a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Da wannan ruwa manoman Kadawa da Kura suke noman rani, don haka wajibi ne a san yawan abin da ya rage kafin a buɗe ƙofofi. To, amma na'urar awo zurfi kawai take gani. Yaya za a mai da zurfi ya zama yawa?

A nan ne tsara manhaja ta hanyar zane yake da amfani. Maimakon rubuta umarni layi-layi, injiniya yakan jera akwatuna a fuskar kwamfuta, ya haɗa su da zare, alkaluma su riƙa bi daga wannan zuwa wancan. LabVIEW, wadda kamfanin National Instruments na Amurka ya fitar a 1986, tana daga cikin fitattun manhajojin wannan fanni.

Mu ɗauka na'urar tana aiko da lantarki tsakanin miliamfiya 4 da 20, kamar yadda aka saba a masana'antu. Akwatin farko zai fassara 4 da ƙasan tafki, 20 da cikarsa, 12 kuwa rabin zurfi. Wannan aikin miƙaƙƙen layi ne.

Sai dai rabin zurfi ba rabin ruwa ba ne, domin tafki ƙasansa matsattse ne, samansa kuwa faffaɗa. Mai karatu ya dubi mazurari: idan ruwa ya tsaya a rabin tsayinsa, kashi ɗaya cikin takwas kacal ya ɗauka, saboda rabi sau rabi sau rabi ke nan. Shi ya sa akwati na biyu yake ɗauke da lanƙwasasshen layi, mai tashi a hankali daga farko, sannan ya miƙe sama. Tun da kowane tafki da irin ƙirarsa, daga safiyon ƙasa ake samo maki, kwamfuta ta cike tsakaninsu. Kuma da yake laka tana taruwa, dole a riƙa sabunta layin.

Wanda ya dogara da miƙaƙƙen layi zai ɗauka akwai sauran ruwa mai yawa, alhali alkama da tumatir suna gab da shiga ƙishi.